Hanyar Kwari da Armiya'u Ya Nuna wa Duniya

Armiya'u ɗan kabu-kabu ne a Kaura Namoda, amma asalinsa mutumin Tungar Kirya ne, wani ɗan ƙauye a ƙasar Zurmi. Ba shi da rowa, ba shi da neman faɗa, kuma duk tashar an shaide shi da iya tuƙi. Aibinsa ɗaya ne, son a yaba masa. In ka ce masa "sai kai," to ka gama da shi, ko rami ka nuna masa zai faɗa yana murmushi.

Mashin ɗin da yake hawa, wansa Usmanu ne ya sayar da bijimin nomansa ya saya masa. Usmanu manomi ne mai ƙarancin magana, kuma shi ke riƙe da mahaifiyarsu Tasalla a ƙauye tun rasuwar mahaifinsu.

Lokacin da Armiya'u ya fara ɗaukar bidiyo a kan mashin, abin ba shi da wani ado. Tsohuwar robar taya ya yanka ya ɗaure ƙaramar wayarsa a kan mashin, ya kama hanya. Yau Banga, gobe Shinkafi, jibi Zurmi. Hoton yana rawa, iska tana cika sautin, ga tsawo har mace ta tuƙa tuwo ta kwashe bai ƙare ba. Amma duk garin da ya shiga sai ya tsaya ya kashe mashin, ya durƙusa ya gaida dattawa, ya nemi izini kafin ya ɗauki kowa. In ya dawo sai ya kai wa abokinsa Shamsuddeen mai shagon cajin waya, shi kuma ya riƙa tura wa 'yan ci-rani a memori. Mutum yana Legas ko Fatakwal sai ya ga geron babansa ya fitar da kai, ya ga uwarsa a bakin rijiya. Akwai waɗanda suka kira Armiya'u suna kuka suna sa masa albarka.

A cikin bidiyoyin nan akwai wanda Tasalla ta fi so. A gona aka ɗauke shi da kaka. Usmanu yana gasa masara, ta ƙone masa yatsa, ya yi tsalle yana dariya har hularsa ta faɗi. Mutumin da ba a cika ganin haƙoransa ba, ran nan ya yi dariya har da hawaye. Duk zuwan Armiya'u gida sai ta ce a sa mata shi.

Sannu a hankali zamani ya juya. Manyan wayoyi suka cika gari, kowa ya buɗe shafi a intanet, aka fara ƙirga mabiya. Samari suka riƙa maƙala ƙaramar kyamara a hular kwano, suna ɗaga ƙafar gaba ta mashin, suna tsayawa a kan sirdi a guje. Bidiyo ya koma ɗan guntu, in bai firgita mutum tun a farko ba sai ya ture shi da yatsa. Armiya'u ma ya buɗe shafi ya zuba tsofaffin bidiyoyinsa, sai ga yaran da ya koya wa tuƙi sun wuce shi nesa. Wani ya rubuta masa a ƙasa: "Wannan ai gaishe-gaishen tsofaffi ne, ba bidiyo ba." Maganar ta tsaya masa a rai.

Shamsuddeen ya ce masa, "Abokina, gaskiya anka hwaɗa maka. Wa za shi ƙona data tai yana kallon kana durƙusa ma masu gari? Share tarkacen ga ka shigo zamani."

Armiya'u bai yi shawara da kowa ba. Ya goge su kaf, daga shafin har cikin wayar, har da na gasa masara. Ya sayi kyamarar hula, ya koyi gudu da karkata mashin a kwana. Mabiya suka ɗan ƙaru, amma ba su kai yadda ransa ke so ba.

A waɗannan shekarun ne tsaro ya taɓarɓare. 'Yan bindiga suka riƙa tare babbar hanyar da ke shiga Tungar Kirya, har zuwa kasuwa ya gagara. Mutanen ƙauyen suka samo wata hanya ta cikin kwari, ta bi busasshen rafi a ƙarƙashin itatuwan geza, ta ɓulle can bayan garin Dauran. Suka kafa mata dokoki. A bakinta, gindin wata kuka mai karyayyen reshe, ake kashe mashin a tura shi da hannu. Ba a bi da baƙo. Na ƙarshe a ayari kuma shi ke jan reshen geza yana share sawun taya da na ƙafa. Usmanu ne ya ɗauki wannan aikin. Ta nan hatsi ke fita, magani ke shigowa, mai naƙuda ke isa asibiti. Ran ƙauyen gaba ɗaya a kan sirrin hanyar nan yake.

Usmanu da kansa ya nuna wa ƙanensa ita, don ya riƙa zuwa gaida Inna.

Mabiyan Armiya'u kuwa kullum maganarsu ɗaya ce, a nuna musu inda ba a taɓa gani ba. Wata safiya ya kama hanyar gida, da ya iso gindin kukar sai ya danna kyamara. Ya tura mashin cikin rafin yana magana ƙasa-ƙasa yadda zai burge. A tsakiyar kwarin ya yi kiciɓis da Usmanu riƙe da reshen geza. Usmanu ya ƙura wa hular ido, ya ɗaga hannu.

"Armiya'u, mi kaka yi? Kashe abin ga."

"Na kashe shi, Yaya."

"Ka tabbata? In wagga hanya ta hita, mun ƙare. Inna na ciki, ɗiyanmu na ciki."

"Haba Yaya, ni yaro na? Na ce maka na kashe."

Bai kashe ba. Da ya koma Kaura ya datse bidiyon, ya sa masa kiɗa, ya rubuta a kai cewa ga hanyar sirri da ba kowa ya sani ba. Har wurin da Usmanu ke hana shi ya bari a ciki, wai shi ne zai ƙara wa abin armashi. Ya lallashi kansa da cewa ai bai ambaci sunan gari ba. Ya manta kukar nan mai karyayyen reshe ta fito ɓaro-ɓaro, kuma duk wanda ya taɓa kiwo a dajin ya san ta.

Bidiyon ya bazu fiye da duk abin da ya taɓa yi. A tasha ana nuna shi da yatsa, yaran da suka wuce shi suna zuwa ɗaukar hoto da shi. Armiya'u har tafiyarsa ta sauya.

Labari ya kai ƙauye. Usmanu ya hau tudun da ake samun layin waya ya kira shi.

"Ka yi man ƙarya, Armiya'u. Don girman Allah cire shi yanzu."

"Yaya, yanzu abin ya hwara tashi. Bar shi ya ɗan ƙara, zan cire."

Usmanu ya ce, "Allah Shi kyauta." Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Ko da Armiya'u ya ga dama ya cire, an riga an kwafe shi a shafuka barkatai, ba shi da iko da ko ɗaya.

Ranar kasuwar Dauran, da hantsi, ayari ya shiga kwarin da buhunan gero. Ba su da wata hanyar da za su bi. 'Yan bindigar suka bari sai da kowa ya shige, sannan suka ɓullo ta baya. Usmanu da ke ƙarshe shi ya fara ganinsu. Yana iya faɗawa cikin geza ya ɓuya, amma ya tsaya ya ƙwalla ihu yana cewa kowa ya gudu. Mata da yara suka watsar da kaya suka tsira. Shi aka harba. Da aka je ɗauko shi, reshen yana hannunsa.

Kafin wata ya ƙare Tungar Kirya ta watse, ba a ma tsaya girbin dawa ba. Tasalla ta dawo ɗakin Armiya'u a Kaura. Mutanen ƙauyen sun tausaya wa tsufanta, ba wanda ya gaya mata ta inda sirrin ya fita. Ana gaishe ta, shi kuma ana wuce shi kamar ba a gan shi ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki, wata rana da la'asar ta kira shi.

"Armiya'u, sa man wancan na gona, inda wanka ka gasa masara. Ina son in ga dariya tai."

Ya ce zai nemo. Ya je wurin Shamsuddeen, ya tarar tsohuwar kwamfutar da yake ajiye bidiyoyin a ciki ta daɗe da lalacewa. Ya kira 'yan ci-rani ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya sauya waya, memorin ya ɓace. Ya dawo ya durƙusa ya ce mata babu.

"To ko wani? Ko wane iri na, in dai yana ciki."

Saura guda ɗaya tak a duniya da Usmanu ke ciki, kuma yana nan a shafukan mutanen da bai sani ba. Ya yi ta kame-kame, ta nace tana hawaye. Ya miƙa mata wayar.

Ta ga kukar. Ta ga rafin. Ta ga Usmanu ya ɗaga hannu yana cewa a kashe abin, ta kuma ji muryar ƙaraminta yana cewa ya kashe. Ta daɗe tana kallon wayar bayan ya ƙare. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta ɗago ta dube shi.

"Ashe ya hana ka."

Armiya'u ya kifa kansa a ƙasa yana kuka yana neman gafara. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta turo masa wayar.

"Sake sa man. Shi kaɗai ya rage man da murya tai."

Har yau haka suke. Ya jingine mashin, ya rufe shafin, amma kusan kullum sai ta ce a sa mata. Ita tana sauraron muryar ɗanta, shi kuma yana zaune a gefe yana jin kansa yana cewa, "Na kashe shi, Yaya."

Mai karatu, darasin a fili yake. Waya da kyamara ba su da laifi, da su Armiya'u ya taɓa sada uwa da ɗanta na nesa har aka sa masa albarka. Son yabon mutanen da ba su san shi ba ne ya sa ya raina aikinsa na alheri, ya yi wa ɗan'uwansa ƙarya, ya tona sirrin da rayukan jama'a ke rataye a kansa. Kafin ka ɗora wani abu a intanet, tambayi kanka ko naka ne kai kaɗai, kuma wa zai cutu in ya fita. In na gaba da kai ya ce ka tsaya, ka tsaya a lokacin, domin abin da ya shiga hannun duniya ba ya gogewa, wanda ka rasa saboda shi kuma ba ya dawowa.