Laujen Ancilla

Ku yi mini haƙuri, shekarar ta ɓace mini, haka ma sunan ƙauyen. Na dai san yana kusa da garin Soncino, inda na daɗe da zama. Sauran kam ina riƙe da shi.

Akwai wani mutum mai suna Gualtiero, wanda gidansu ya yi suna da noman saiwar wani tsiro da ake kira cikoriya. Doguwa ce, fara, mai laushi, ɗacinta daidai baki. Idan sanyi ya shiga, a dafa ta a zuba man zaitun. Tun kakanni suke adana irinta: a zaɓi saiwoyi mafi kyau a sake binnewa a lambu, su yi fure lokacin zafi, a kwashe iri.

Duk shekara kafin furen, mahaifiyarsa Ancilla takan ɗauki lauje ta bi bakin rafi tana sare cikoriyar daji. Har gefen gonakin mutane take bi, a duƙe, tana magana ita kaɗai.

A wurin shan kofi aka fara yi masa tsiya.

"Gualtiero, hukuma ce ta ɗauki tsohuwarka aikin shara?" in ji maƙwabcinsa Osvaldo. "Ka ce ta biyo ta bayan gidana, akwai ciyawa!"

Aka kwashe da dariya. Gualtiero ya koma gida rai a ɓace, ya ƙwace laujen.

"Mama, ya isa haka. Kin mayar da ni abin dariya a gari."

"Ɗan nan, ƙudan zuma bai san tamu da ta daji ba. Zai kwaso can ya kawo nan, iri ya lalace."

"Shekara nawa kina faɗar haka? Me ya taɓa lalacewa?"

"Ai don ina sarewa ne."

Bai saurara ba. Ya kai ta birni wurin ƙanwarsa, Palmira nake jin sunanta. Da ya dawo ya share ɗakinta, ya zubar da kwalaben tsohon iri, wai tarkace ne.

A shekarar, bakin rafi ya yi shuɗi shar da furen cikoriyar daji. Har Osvaldo ya yaba kyansa. Gualtiero ya kwashe irinsa a lambu, shekara ta zagayo ya shuka.

Da sanyi ya shiga ya tona. Saiwoyin sirara ne, masu rassa, da tauri kamar itace. Matarsa ta dafa, ba wanda ya iya haɗiyewa.

Ya hau jirgin ƙasa zuwa birni. Ya tarar da Ancilla a bakin taga, hankalinta ya riga ya yi nisa.

"Mama, ni ne. Akwai wanda kika taɓa ba wa irinmu?"

Ta daɗe tana kallonsa.

"Bawan Allah, in ka ga ɗana, ka ce ya maido mini da laujena. Fure ya kusa."

Daga baya na duba littattafan tsirrai na tabbatar: cikoriyar lambu da ta daji dangi ɗaya ne, ƙwari kuwa suna haɗa su ta fure.

Darasi: Idan ka ga gida lafiya lau, nemi wanda yake duƙe yana tare ɓarna, kada ka ƙwace masa lauje don tsoron dariyar mutane. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, tun suna iya gane shi.