Babu Mai Amsa Wannan Suna

Akwai wata yarinya mai suna Dympna a nan Ayilan, a zamanin da in budurwa ta yi ciki sai a ce ta tafi aikatau Ingila. Kowa a ƙauye ya san ba inda ta je sai gidan sistocin coci mai doguwar katanga. Can za ta haihu, a ba wasu ɗan.

Haka aka yi wa Dympna. An karɓe ɗanta yana koyon tafiya, aka bar ta tana goge daɓe, don danginta ba wanda ya waiwaye ta.

Ranar da aka kawo yarinya gidan ake canja mata suna, ita ma Dympna wani suna ake kiran ta da shi a can. Wadda ta faɗi na gaskiya, a aske ta a tura ta gidan wanki, inda mata ke shiga da ƙuruciyarsu su fito a akwatin gawa. Dympna na tsoron wurin nan fiye da mutuwa.

Wata rana suna shanya, wata da ake kira Agnes ta raɗa mata, "Nuala Tierney nake. Riƙe mini, ko da zan mutu a nan."

"Rufa mini asiri, ni ban ji ba," in ji Dympna.

Ita ma Agnes tana da 'ya a gidan. Safiyar da aka sa wa 'yar sabuwar riga, kowa ya sha jinin jikinsa. Motar wasu Amurkawa na tsakar gida, sun zo ɗaukar yarinyar. Dympna na durƙushe a zaure da bokiti sai ga wani saurayi, hula a hannu, takalmi duk taɓo. Ya tsaya gaban Babbar Sista, shugabar gidan.

"Sista, ni ne Fintan Tierney. Ƙanwata Nuala na zo ɗauka, da 'yarta. Babanmu ya rasu, gida ya dawo hannuna."

Babbar Sista ta yi murmushi. "Babu mai amsa wannan suna a gidan nan, ɗana."

Kun san sista ba ta ƙarya, sai dai ta lanƙwasa gaskiya. Shi kuwa Fintan tun yana yaro bai taɓa musa wa mai luluɓin coci ba. Ya ba da haƙuri, ya juya.

Dympna ta ci gaba da goge daɓe. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Agnes ake ce mata. Tana sama, ana sa wa 'yar takalmi."

"Ke da wa kike?" in ji Babbar Sista, murya ƙasa ƙasa.

"Da bokiti, Sista."

"To bokiti ya ji, ni ma na ji," in ji Fintan. Ya zauna daram a bakin ƙofa. "Ba na tashi sai da su. In kin so, baƙin nan ma su ji dalili."

Abin da gidan nan ya fi tsoro shi ne surutu. Aka fito masa da su.

Ranar aka aske Dympna ƙwal, aka ce ta jira motar gidan wanki. Aka kwana biyu. Da aka kira ta zaure, ta ɗauka motar ce ta zo.

Wata tsohuwa ta tarar cikin baƙaƙen takaba, ɗanta Fintan a bayanta.

"'Yar ƙanwata ce wannan, na zo tafiya da ita," in ji tsohuwar.

"Har da ke, Misis Tierney? To me sunanta na gaskiya?" in ji Babbar Sista.

Tsohuwa ba ta sani ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ta cire gyalenta ta rufe kan yarinyar. "Gaya mata, 'yata. Da ƙarfi."

"Dympna," ta ce, muryar ta fashe da kuka.

A gidan Tierney ta tsufa. Ɗanta kuwa ba ta sake ganinsa ba, kuma wannan har yau yana ci mini rai.

Darasi: Abin kunya na gaskiya shi ne raba uwa da ɗanta. In ka ga zalunci ka yi magana ko da jikinka na rawa, alherin ba zai faɗi ƙasa ba. Ku tura wa wasu su karanta.