Sunan Yunana a Littafin Ikilisiya

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Ba ta dariya ba ce, ta gardama ce, kuma wanda ya san ba zai iya jin ta har ƙarshe ba, gara ya tashi tun yanzu.

A wani gari da ake kira Dutsen Kurciya, can ƙasar manoman citta, an yi wani mutum mai suna Yunana. Shi da wani da ake kira Habila shekara ashirin da uku suna gida ɗaya, gona ɗaya, tukunya ɗaya. Babu wanda ya taɓa yin aure a cikinsu. Zaman miji da mata suke yi, sai dai dukansu maza ne. Ku daina sunkuyar da kai, haka abin yake. Kowa a garin ya sani, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. In baƙo ya tambaya sai a ce, “Ai abokan noma ne.” A majami'ar Baptis ta garin, Yunana ne mai buga ƙarfen sujada, wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bishiyar mangwaro, kuma ba a taɓa jin ya makara ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Habila. Shekara biyu yana kwance, sannan ya rasu. A al'adar garin, in an saka gawa a kabari, fasto yakan ɗebo ƙasa a shebur ya miƙa, matar mamaci ko mijin mamaciya ya fara zubawa, sannan dangi su biyo. In babu aure, ɗan'uwa na jini ne ke farawa. Fasto ya ɗebo ƙasa ya miƙa wa Dogara, ƙanen Habila. Yunana bai shirya komai ba. Shi dai ya ga ƙafarsa ta taka gaba, hannunsa ya riga na Dogara, ya damƙi ƙasar ya zuba a kan akwatin, ya ce, “Sai na zo.” Mawaƙa suka tsaya a tsakiyar baiti. Abin da gari ya yi shekara ashirin da uku yana rufewa, ya buɗe shi da tafin hannu ɗaya, a gaban mutum ɗari uku.

Kafin Lahadi ta zagayo, kawunnan Dogara sun kai ƙarar Yunana majami'a da sunan Dogara. Dattawan ikilisiya suka karɓe ƙarfen sujada daga hannun Yunana, suka tura shi bencin horo, wancan na can baya kusa da ƙofa inda masu laifi ke zama. Suka kuma yanke cewa a soke sunansa daga littafin ikilisiya. A garin nan wanda aka soke sunansa ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da ake rabawa a sujada, ba a zuwa masa gayya, in ya mutu kuma ba a binne shi a maƙabartar majami'a, inda Habila yake kwance. Yunana ya ji wannan, ya koma gida ya zauna a bakin ƙofa, ya kasa ko hura wuta.

Mutum uku ne suka tsaya masa.

Na farko Malam Kefas ne, magatakardan ikilisiya, tsohon malamin firamare, mutum mai tsauri wanda ko gaisuwarsa gajera ce. Shi bai ɓoye wa Yunana ra'ayinsa ba. Ya tare shi a hanyar rafi ya ce, “Zaman da kuka yi zunubi ne a wurina, kada ka ji a bakin wani.” Amma da Baba Zakka, shugaban dattawa, ya zo gidansa ya ce ya fito da littafi ya ja layi a kan sunan, sai ya ƙi.

“Littafin nan ba na dattawa ba ne, Baba. Mu Baptis ne. Ikilisiya ce gaba ɗaya ta tashi tsaye ta karɓe shi ranar da ya fito daga ruwan baftisma, ita kaɗai kuma za ta fitar da shi. Ku kira taro, kowa ya zo, shi ma a ji ta bakinsa.”

“Malam, da tsufanka kake goyon bayan ƙazanta?”

“Doka nake goyon baya. Ranar da aka soke shi a zaure ba taro, gobe kai za a soke haka.”

Ya saka littafin a akwatin ƙarfe, ya rataya makullin a wuyansa. Aka zage shi a kasuwa, aka ce ko shi ma a bincike shi. Duk da haka bai fito da littafin ba. Dole dattawa suka sa ranar taro, bayan mako bakwai.

Ta biyu Mama Bilhatu ce, shugabar Zumuntar Mata, mai sayar da daddawa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba amma babu fasto da ya taɓa kayar da ita a magana. Lahadin farko Yunana yana zaune shi kaɗai a bencin horo, kansa a ƙasa, sai ya ji an dangwarar da jaka kusa da shi. Tsohuwar ce ta taso daga layin gaba, da kayan zumuntarta a jiki, ta ratsa majami'a kowa yana kallo.

“Matsa, ɗan nan. Kai kaɗai za ka cinye bencin?”

Wani dikin, cikin masu hidimar majami'a, ya lallaɓo ya ce, “Mama, nan fa wurin masu horo ne.”

“To ai na zo daidai. Jiya na zagi surukata har uwarta. Kai da ka gama naka zunubin, koma gaba ka zauna.”

Mako na biyu mata uku suka bi ta, mako na huɗu sai da aka ƙaro benci. Ba ta tsaya nan ba. A majami'ar nan mata suna da ƙuri'a kamar maza, amma tun da aka kafa ta ba sa tsayawa taro, da an tashi sujada sai su ruga gida ɗora tukunya. Mama Bilhatu ta bi su madafi madafi. Wadda ta ce abin haram ne, sai ta ce mata, “Ban zo ki ce halal ne ba. A tafki ɗaya aka nutsar da mu da shi. Ubangijin da ya mutu domina bai nemi shawarata ba kafin ya mutu domin Yunana, ke ya nemi taki? Teburin nasa ne, ba mu muka dafa ba, ba mu za mu kori mai ci ba.” Wadda ta ce maigida zai ji yunwa, sai ta ce, “Dafa tun Asabar, in ya ƙi ɗumame ya yi azumi, zai amfane shi.” Labari ya kai ga shugabannin zumunta na gunduma, suka aiko takarda suka sauke ta daga shugabancin da ta riƙe shekara talatin. Ta sa aka karanta mata, ta ninke takardar ta ƙunshe daddawa da ita.

Na uku Dogara ne, wanda aka kunyata a bakin kabari, wanda kuma ƙarar take da sunansa. Mako bakwai bai gaisa da Yunana ba. In sun haɗu a hanya sai ya kau da kai, Yunana kuma ya riga ya sa shi cikin waɗanda za su kore shi.

Ranar taro ta zo. Mata suka zauna daram, maza suna ta waiwaye suna mamaki. Amma Yunana ya dubi majami'ar ya san ba su isa ba, domin mata da yawa mazansu na harararsu, kuma ya ga jikinsu ya fara sanyi. Aka ce ya yi magana. Ya tashi ya ce, “Ba zan ce ban yi ba. Ba zan kuma ce na yi nadamar Habila ba, ƙarya ce. Nan aka yi mini baftisma, ban san wani gida ba.” Ya zauna. Guna-guni ya tashi, wani ya ce, “Kun ji ko? Ko tuba babu!”

Sai aka kira mai ƙara. Dogara ya miƙe, kawunnansa na gyaɗa masa kai. Ya juya ya fuskanci jama'a.

“Ni na wanke gawar yayana,” in ji shi. “Shekara biyu mutum yana kwance ba ya iya juyawa. Na duba bayansa, na duba ƙugunsa, ko gyambo ɗaya babu. Masu jinya a nan sun san abin da nake nufi. Ni da muka fito ciki ɗaya sau huɗu na je, kuma a bakin ƙofa nake tsayawa. Tun ranar jana'iza nake fushi, na rasa da wa nake yi, ashe da kaina ne. Fasto ya miƙo mini shebur, amma ƙasar nan hannun mai ita ta shiga. Na janye ƙarata. In za ku kore shi, ku kore shi da sunanku, ba da sunan gidanmu ba.”

Babban kawunsa ya tashi ya kaɗe riga ya fita. Kafin sati ya cika an daina kiran Dogara taron dangi, mutanen da suka zo neman auren 'yarsa kuma suka aiko cewa sun fasa.

Baba Zakka ya ce janye ƙara ba ya hana ƙuri'a, tunda taro ya riga ya zauna. Aka ce masu son a soke sunan su tashi tsaye. Suka tashi, Malam Kefas ma ya tashi tare da su, ya ƙirga har da kansa, sittin da uku. Aka ce masu son a bar shi su tashi. Mata suka miƙe, sai ga waɗansu maza da maganar Dogara ta taɓa suna tashi ɗaya bayan ɗaya, matansu na ganin haka su ma suka miƙe. Malam Kefas ya bi layi yana ƙirgawa, ya kai sittin da biyu, saura waɗansu tsofaffin mata biyu a lungu, sun dafa benci sun rankwafa, ba a zaune ba, ba a tsaye ba.

Baba Zakka ya raɗa masa, “Waɗancan ba su tashi ba. Rufe littafi.”

Babu wanda zai ce masa don me in ya rufe, kuma abin da zuciyarsa ke so ke nan. Ya taka har lungun.

“Kaka, tsaye kuke ko zaune?”

“Tsaye muke, ɗan nema! Ƙugu ne ya ƙi.”

Ya dawo gaba ya ce, “Sittin da huɗu. Sunan yana nan.” Ya rubuta da hannunsa, ya rufe akwati.

Ba a tashi lafiya ba. Gidaje tara suka bar majami'ar, har yau akwai waɗanda ba sa miƙa wa Yunana hannu. Amma da aka zagayo da Jibin Ubangiji, faranti ya tsaya a gabansa kamar kowa, ya ɗauka ya ci.

Washegari da hantsi ya yi wanka, ya sa rigarsa ta fita, ya kama hanyar zuwa godiya. A gari irin wannan ƙofar da ka fara sallama ita ce ka ce ta fi, kuma kowa yana leƙe ta kan danga. Ya iso mararraba ya tsaya. Gabas gidan Malam Kefas, wanda bai yarda da shi ba, ya ma tashi a kore shi, amma ba don shi ba da babu taro, ba don gaskiyarsa ba da ƙuri'a ta faɗi. Yamma gidan Mama Bilhatu, wadda ta zauna da shi lokacin da ba mai zama, ta kawo mutanen da aka ƙirga, ta rasa kujerarta. Kudu gidan Dogara, wanda shi aka ɓata wa, ya tona kansa a gaban jama'a, ya juya zukatan da suka rage, ya rasa danginsa.

To, ga shi nan na bar muku shi tsaye rana tana dukansa. Ƙofar wa ya kamata ya fara yi wa sallama?