Maganar Baba Da Ta Zube A Hanya

Akwai wani injiniya a wani kamfanin sadarwa, mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba ya son jira, ba ya kuma son gyara. Shi aka ɗora wa aikin mayar da tsofaffin layukan wayar tebur kan intanet.

A tsohon layi, murya waya ɗaya take bi har ta isa. A sabon kuwa, yanka ta ake yi gutsi-gutsi, wani gutsure ya iso da wuri, wani ya makara. Shi ya sa na'urar da ke karɓa take ɗan jiran na baya, ta jera su, sannan ta saki maganar. In jiran ya yi yawa, amsa ta riƙa zuwa a makare. In ya yi kaɗan, duk gutsuren da ya makara an zubar da shi ke nan.

Injiniya ya so a ce layinsa ya fi na kowa sauri, sai ya rage jiran ƙwarai.

Abokiyar aikinsa, ita ma injiniya ce, ta ce, "A nan ofis lafiya lau yake. Amma layukan nesa fa? In hanya ta cunkushe, rabin magana zai zube. Ka ƙara musu ɗan lokaci."

Ya yi dariya. "Malama, ke da za ki samu dama, ruwan famfo ma sai kin ce ya tsaya ya huta."

Mahaifinsa yana wani gari mai nisa tare da ƙanwar injiniyan. Idonsa ya yi rauni, wayar tebur kaɗai yake iya laluba. Wata rana da hantsi ya kira ɗansa.

"Ɗana... ina so... kafin... ka ji ko?"

"Baba, maganarka tana yankewa. Maimaita."

Tsohon ya sake faɗa, muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa. Injiniya ya dubi agogo, ana jiransa a taro.

"Baba, bari zan kira ka anjima."

Aiki ya sha kansa, bai kira ba. Washegari ƙanwarsa ta kira shi da wayar hannu tana kuka. Baba ya rasu.

Bayan an yi jana'iza ya ja ta gefe. "Don Allah, me Baba yake son gaya mini?"

"Wallahi Yaya ban sani ba. Cewa ya yi in fita, magana ce tsakaninku. Da na dawo na same shi riƙe da kan wayar, ya ce, 'Bai ji ni ba.'"

Da ya koma aiki ya duba, sai ga layin gidansu cikin waɗanda suka fi zubar da magana. Ya kifa kai a kan tebur. Abokiyar aikin ta zo ta same shi. Kujera ta jawo, suka bi layukan ɗaya bayan ɗaya suna ƙara jiran daidai nisan kowanne.

Koke-koken da jama'a suke ta yi kan yankewar magana suka tsaya, har shugabanni suka yaba masa. Amma har yau bai san abin da mahaifinsa ya so gaya masa ba.

Darasi: Sauri ba shi ne ƙwarewa ba. Ka saurari mai yi maka gyara, ka kuma ba iyayenka lokaci su ƙarasa maganarsu tun suna raye. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya kira mahaifinsa yau.