Ƙararrawar da Aka Hana Kuka

Akwai wani mutum da aka danƙa wa kula da na'urorin sadarwa na wani ƙaramin asibitin ƙauye. Ta waɗannan na'urori kaɗai ungozoma, Mama Rifkatu, take samun likita a birni idan haihuwa ta zo da gardama, gama wayar hannu ba ta kamawa a wurin.

An saita masa ƙararrawa, in zafin ɗakin na'urorin ya kai digiri talatin da biyar, sai ta yi kuka. Da bazara ta kankama, kullum da tsakar rana sai ta dame shi. Ya je ya duba, ba abin da ya ƙone, fanka ce kawai take ɗan sarƙewa. Maimakon ya gyara fankar, sai gogan naku ya zauna gaban kwamfuta ya ɗaga ma'aunin zuwa arba'in. Ta sake kuka, ya kai shi hamsin. Kai, har sittin ya kai shi, wai shi ma ya huta.

Mama Rifkatu ta ce masa hankalinta bai kwanta ba, kwana biyu ba ta jin ƙararrawar. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ai shiru alamar lafiya ce."

Ran nan da rana tsaka aka kawo matarsa tana naƙuda, jini ya ƙi tsayawa. Mama Rifkatu ta yi ta neman likita, layi a mace. Mutumin ya ruga ɗakin na'urori. Fanka ta tsaya cik, warin ƙonewa ya cika ɗakin. Allon kwamfuta ya nuna hamsin da takwas, fitilar ƙararrawar kuwa koriya shar, wai komai lafiya. A bayan akori-kura aka ɗauki matar zuwa birni, yana riƙe da hannunta yana kuka, bai san ko za ta kai ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ƙararrawar nan lamirinka ne, Allah ne ya saita shi. Ƙaryar farko ta hana ka sukuni, amma ba ka tuba ba, ka ce ai ƙarama ce. Ta biyu ma haka. Yau kana yin abin da dā ko tunaninsa zai sa ka rawar jiki, ko gezau. Wannan yana ba ni tsoro ƙwarai, har a kaina ma.

To, shirun da kake ji a zuciyarka yau, salama ce, ko kuwa kai ne ka ɗaga ma'aunin?