Ƙauyen da Na'ura Ba Ta Gani Ba

An yi wani mutum a ƙasar Zuru, ɗan wani tsohon soja da ake kira Baba Philip. Shekarar da aka kawo na'urar rajistar masu zaɓe, mai ɗaukar hoto da zanen yatsa, shi aka damƙa wa ta ƙauyensu saboda ya iya kwamfuta.

Mutanen ƙauyen, da ke zaune kan dutse, sun ji tsoron na'urar. Baba Philip ne ya bi su gida-gida, yana cewa ɗansa ne a kanta, su sauko, shi ya tsaya masa.

Ashe wani ɗan takara ya riga ya ja yaron gefe. Ya san ƙauyen ba shi zai zaɓa ba, sai ya yi masa alkawarin aiki a Birnin Kebbi in ya hana su rajista.

Tsofaffi suka bar girbin dawa suka sauko. Mutumin nan ya zaunar da kowa, ya ce a ɗaga haɓa, a dangwala yatsa. Hotonsu ya fito, suna dariya, shi kuwa bai adana ko ɗaya ba. Ya ce tawada ta ƙare, kati zai biyo baya.

Ya 'yan uwa, wa zai tuhumi abin da bai san yadda yake aiki ba?

Ranar zaɓe Baba Philip ya saka lambobinsa na soja, ya shiga gaban layi. Aka duba, babu sunansa. Babu na kowa. Mata suka juya suna kallonsa.

Ya sami ɗansa a gindin mangwaro.

"Na'urar ce ta lalace, ko kai ne?"

Ɗan ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya sake bin gidajen nan yana neman gafara, kamar shi ya yi laifin. Daga nan ya daina fita. Kafin damina ya kwanta ciwo, ya ce kada a kira yaron.

Aikin Birnin Kebbi bai zo ba. Ɗan takarar ya daina ɗaukar wayarsa. A tashar mota yaron ya ji rasuwar ubansa, daga bakin ɗan acaɓa. Da ya iso, samari na haƙa kabari. Ya miƙa hannu a ba shi diga, babu wanda ya ba shi.

'Yan uwana, na'ura ba ta da zuciya, ta mai riƙe da ita take ara. Wanda ya ci amanar jama'a, sunan ubansa yake fara binnewa.

Allah ya kiyaye hannuwanmu daga cin amana. Amin.