Yadda Gungun Maje Ya Tsamo Wa Kansa Sarki

Dalilin da ya sa mu mutanen Gungun Maje in muka tsamo mutum daga ruwa ba ma kawo shi gida, sai mu tuƙa shi can ƙetare mu ajiye, shi zan gaya muku yau, tunda na ji wasunku na cewa rashin tausayi ne. Ku zauna ku ji, kafin ku zagi kakanninku.

A da, tsibirin nan ba ya ƙarƙashin kowa. Ƙasar Garzama ta kewaye kogin gabas da yamma, kuma sarakunanta sun sha gwada mu. Amma dakarunsu tudu suka iya. In suka shigo jirgi, ko matanmu sun isa su kifar da su. Shugabanmu Magaji ake ce masa, ɗansa ke gadonsa. In bai bar ɗa ba, dattawa su zaɓa.

Muna kuma da wata doka. Duk wanda ka tsamo daga ruwa, ka kawo shi ya taka ƙasar tsibiri, ya zama ɗanka. Yana cin gado daidai da wanda matarka ta haifa. Ɗan kogi ake ce masa. Da irinsu tsibirin ya cika.

A zamanin Magaji Nomau, wanda Allah bai bar wa ɗa a raye ba, ran nan da hantsi yana gyaran taru a bakin ruwa, yayarsa Dela na gefe tana feɗe kifi. Sai ga wani jirgi ya kife daidai gabansu. Matuƙan suka yi iyo suka nufi ƙetare, suka bar wani saurayi yana ta shan ruwa.

Nomau ya yar da taru. Dela ta riƙe masa hannu.

"Tsaya, Nomau. Ka taɓa ganin jirgi ya kife a nan, ba dutse ba iska? Dubi matuƙan, ko waiwaye ba su yi."

"Yaya, mutum ne zai mutu."

"To a kira maƙwabcinmu Jatau ya tsamo shi. 'Ya'yansa maza sun cika gida, ƙarin ɗaya ba zai canza komai ba. Kai ba ka da kowa."

"Kafin Jatau ya iso, gawa za a tsamo."

Ya fizge hannunsa ya faɗa ruwa. Kuma gaskiyarsa, yaron bai iya iyo ba ko kaɗan. Nomau ya jawo shi, ya kwantar da shi a kan yashinmu. Da ya farfaɗo aka tambaye shi sunansa, ya ce Arzika, ɗan Sarkin Garzama.

Ba wanda ya zo nemansa. Ya zauna, ya koyi tuƙi da kamun kifi, yana kiran Nomau Baba. Nomau ya so shi, kuma ban ji an ce yaron ya taɓa cutar kowa ba.

Da Nomau ya rasu, sai ga Wazirin Garzama ya iso, ba mashi ba garkuwa. Ya ce, "Mun zo gaisuwar mutuwa. Mun kuma zo ganin naɗin ɗanmu, wanda dokarku ta mayar ɗanku."

Aka taru gindin tsamiya. Samari suka ce a soke dokar, a mayar wa Waziri yaronsa. Jatau ya fi kowa ɗaga murya. Sai aka juya ga Dela, tunda ita ta hango abin tun farko. Kowa na zaton za ta bi bayansu.

Ta dubi Jatau ta ce, "Kai, kakanka a nan aka haife shi? A bakin mashigi aka tsamo shi riƙe da ƙwarya. In yau muka ce ɗan kogi ba ɗa ba ne, gobe gonarka ta wa ce? Rabinku nan ba ku da wata hujjar zama sai dokar nan."

Ta juya ga Arzika.

"Kai kuma, ka san da shirin?"

"Gwaggo, cewa aka yi za ni farautar dorina. Sai da ruwa ya kai mini wuya na gane ubana ne ya jefa ni."

"In ya kira ka, za ka iya ƙin zuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Uwata da ƙannena suna hannunsa."

Dela ta ce a naɗa shi. Ita da kanta ta miƙa masa sandar Nomau, ba ta yi kuka ba. Bayan ya hau, ubansa ya kira shi, ya je ya durƙusa kamar yadda ɗa ke yi, tsibiri kuma ya durƙusa tare da shi. Da farko busasshen kifi kawai muke aikawa. Daga baya samarinmu suka koma tuƙa dakarunsu. Kafin jikokin Dela su yi furfura, daga fadar Garzama ake aiko mana da wanda zai mulke mu. Ba a harba kibiya ko ɗaya ba.

Dela kuwa, kafin ta rasu, ta tara masu jirage. Ta ce dokar ba za a taɓa ta ba, kuma ba za mu zuba ido ruwa ya ci mutum ba. Amma ai sai ya taka ƙasarmu yake zama ɗa. To kada ya taka.

Shi ya sa har yau, in kun ga ubanninku sun tsamo mutum, za su matse masa ciki, su lulluɓe shi da rigarsu, su tuƙa shi ƙetare komai nisa, ba tare da sun tambayi sunan ubansa ba. Ransa muna ba shi kyauta. Ƙasarmu ce ba za mu sake haɗa masa da ita ba.